Ciwon ƙirji bayan mura: ECG na asibiti, Holter ko agogon hannu?

An sha fama da mura, ko zazzaɓi mai haɗe da gudawa da ciwon gaɓoɓi, har jiki ya fara dawowa. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ƙirji ya ɗauki ciwo mai suka, wanda ke ƙaruwa in an ja numfashi ko an kwanta rigingine, ya lafa in an tashi zaune an ranƙwafa gaba. A nan ne mutane da yawa ke rasa ta inda za su kama. Wani zai ce a je asibiti a yi ECG, gwajin da ke zana bugawar zuciya a takarda. Wani zai ce ai an yi jiya ba a ga komai ba, gara a ɗaura Holter ya kwana a jiki. Na uku kuma ya nuna agogon da ke hannunsa ya ce ga ECG nan a gida, me za a je nema?

Duk waɗannan na'urori lantarkin da ke tafiyar da bugawar zuciya suke aunawa, sai dai kowacce da iyakar abin da take iya gani. Sawun da ƙwayar bairas ke bari a zuciya kuwa yana da hali biyu da ke raba gardama tsakaninsu: yana bazuwa a sassa da yawa lokaci guda, kuma yana sauya kama daga rana zuwa rana.

Akwai halin da babu wani zaɓi a cikinsa. Idan ciwon ya zo da ɗaukewar numfashi, suma ko jiri mai tsanani, gumi mai sanyi, nauyi a ƙirji da ke sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, kumburin ƙafafu, ko zuciya na dukan uku-uku alhali kana zaune, to sashen gaggawa za ka nufa yanzu. Kwatancen da ke ƙasa na wanda ke da sararin tsayawa ya yi tunani ne.

Me ake nema a jikin zanen?

Tun zamanin Willem Einthoven, likitan ƙasar Holan da ya karɓi kyautar Nobel a 1924 saboda na'urar ECG, ake kiran tudu da kwarin zanen da haruffa P, Q, R, S da T. Ƙaramin tudun P na nuna wutar da ta ratsa ɗakunan sama na zuciya. QRS, mai tsini, na ɗakunan ƙasa ne masu tura jini. T kuma lokacin da suke sake shiri don bugu na gaba. Gajeren layin da ke tsakanin S da T ana ce masa ST, wanda ke tsakanin P da QRS kuma PR. Kusan duk maganarmu a kan waɗannan gajerun layuka biyu take.

Cutar da ta fi barin sawu bayyananne ita ce kumburin jakar da ta lulluɓe zuciya, wadda likitoci ke kira ferikaditis. Jakar kanta ba ta da lantarki. Abin da ke fitowa a takarda yana zuwa ne daga saman naman zuciya da kumburin ya lasa, kuma tunda jakar ta zagaye zuciyar gaba ɗaya, sauyin ma ko'ina yake fitowa. Layin ST yana ɗagawa a mafi yawan mahangai, wato kusurwoyin da na'urar ke kallon zuciya ta cikinsu, da lanƙwasa mai zurfi a tsakiya, layin PR kuma yana yin ƙasa. A mahangar da ake kira aVR abin juyewa yake: ST ya sauka, PR ya hau. Likitan zuciya na Amurka David Spodick ya tsara yadda wannan ke tafiya a matakai huɗu. Da farko, cikin sa'o'i zuwa kwanaki, ST ya hau PR ya sauka. Sannan su koma daidai. Sannan tudun T ya kife. A ƙarshe, bayan makonni, komai ya koma yadda yake. Ba kowane majiyyaci ke bin matakan duka ba, amma a lura da na biyu da kyau: mutum na cikin ciwo, takarda kuma na iya fitowa kusan tas, don kawai an auna shi a ranar da zanen ke tsakanin mataki da mataki.

Ƙa'idojin Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai na 2015 sun ce ana tabbatar da wannan cuta in an sami biyu daga alamomi huɗu: irin ciwon da na bayyana a sama, ƙarar goga da likita ke ji da abin sauraren ƙirji, sauyin ECG, da taruwar ruwa a cikin jakar. Sauyin ECG ɗin a kusan kashi 60 cikin 100 na majiyyata kaɗai ake ganinsa. Ma'ana, cikin mutum goma masu cutar, huɗu na iya fita da takarda mara komai.

Ta biyu, wadda ta fi haɗari, ita ce kumburin naman zuciyar kansa, mayokaditis. Bairas irin su Coxsackie B, adenobairas, fabobairas B19, na mura mai tsanani da na korona duk suna iya jawo shi. Wannan ba shi da hatimi guda a ECG. Wani lokaci saurin bugawa ne kawai, wani lokaci T ya kife, wani lokaci ST ya hau har a zaci jijiya ce ta toshe. Abubuwan da ke tayar wa likita hankali su ne faɗaɗar QRS ta kai ko ta wuce daƙiƙa 0.12, katsewar saƙo tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, da bugun da ke tasowa daga ɗakunan ƙasa ba bisa tsari ba. Wannan na ƙarshen yana zuwa ya wuce, yana iya faruwa da tsakar dare kana barci.

Ta uku ciwonta ya fi na kowa firgitarwa, haɗarinta kuma ya fi ƙanƙanta. Ciwon Bornholm, wanda likitan Denmak Ejnar Sylvest ya bayyana a farkon shekarun 1930 daga wani tsibiri mai wannan suna, yana kama tsokar da ke tsakanin haƙarƙari ne. Yakan zo a guguwa-guguwa, ya shaƙe mutum har ya kasa jan numfashi, sannan ya sake shi. ECG a nan yawanci lafiya lau yake. Amma tunda Coxsackie B ɗin da ke kawo shi shi ne kuma ke iya taɓa zuciya, ana yin gwajin don a tabbatar bai tsallaka ba.

A bayan duka ukun akwai abin da dole a kore: toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya. Ita ma tana ɗaga ST, sai dai a yanki guda, yankin da jijiyar ke shayarwa, kuma mahangan da ke kallon ɗaya gefen sukan nuna ST ya sauka. Bambance wannan da kumburin jaka ba ƙaramin abu ba ne, domin maganin narkar da gudan jini da ke ceton mai toshewa yana iya sa mai kumburin jaka ya zubar da jini a cikin jakar. Ba a kuma iya bambancewa sai an jera mahangai an kwatanta su.

Ma'aunan da zan bi

Na farko faɗin gani, wato daga kusurwa nawa na'urar ke kallon zuciya. Na biyu tsawon gani: daƙiƙa goma, kwana biyu ko mako biyu. Na uku wa zai karanta, kuma yaushe amsa za ta fito. Sai kuɗi, ɗorewa da sauƙin amfani. Na ƙarshe haɗari. Babu ɗaya a cikin na'urorin nan da ke sa wuta a jiki, saurare kawai suke yi, don haka haɗarin da nake nufi shi ne na kwantar maka da hankali a kan ƙarya, ko tayar maka da shi a banza. A wannan matsala ma'auni na farko ya rinjayi sauran.

ECG mai mahanga 12

Waya goma ake manna maka, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, daga cikinsu na'ura ke fitar da mahanga 12. Ɗaukar kanta daƙiƙa 10 ce, shirin duka bai wuce 'yan mintuna ba. A faɗin gani babu mai kama ƙafarsa, kuma shi kaɗai ne a jerin nan da zai nuna ko ST ya hau ko'ina ne ko a yanki guda. Wannan ya sa ƙa'idar asibiti ta ce mai ciwon ƙirji a yi masa shi cikin minti 10 da isowarsa.

Rauninsa gajartar lokaci. Ya ga daƙiƙa goma daga cikin yini guda, sauran bai sani ba. Maganin wannan rauni shi ne a maimaita. In ciwo na ci gaba kuma na farko bai nuna komai ba, a sashen gaggawa akan sake bayan minti 15 zuwa 30. Ga wanda ake zargin kumburin jaka, sake yi bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki yakan fito da abin da na farko ya ɓoye. A ganina takarda biyu da aka ɗauka a ranaku daban sun fi kowace na'urar gida daraja, kuma jimlar kuɗinsu ba ta kai na agogo ba.

A kuɗi shi ne mafi araha cikin gwaje-gwajen zuciya, kuma mafi samuwa. A ɗorewa akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: yawancin na'urorin a takarda mai jin zafi suke bugawa, wadda ke dusashewa in ta sha rana ko ta daɗe a aljihu. Ka ɗauki hotonta da waya tun a ranar, a shimfiɗe, duk mahangan su fito, da kwanan wata a jiki. Tsohuwar takarda ita ce ma'aunin sabuwa.

Haɗarinsa yana wajen karatu. Rubutun da na'ura ke bugawa da kanta a saman takardar ba hukunci ba ne, tana yawan kuskure. Rawar ɗarin zazzaɓi na ɓata layi. Wayoyin ƙirji na farko da na biyu in an ɗora su sama da inda ya kamata, zanen na iya nuna cutar da babu ita. Sannan akwai masu lafiya ƙalau, musamman samari, 'yan wasa da baƙaƙen fata, da layin ST ɗinsu ke ɗage tun asali. Likitoci na da dabarar rarrabewa: a mahangar V6, in tsayin ɗagawar ST ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin T, an fi karkata ga kumburin jaka. Amma hujja mafi ƙarfi ita ce lokaci, domin na asali ba ya sauyawa, na kumburi kuwa cikin kwanaki zai sauya.

Holter

Sunan Norman Holter ne, masanin kimiyya daga jihar Montana ta Amurka, wanda na'urarsa ta farko a ƙarshen shekarun 1940 ta kai nauyin kilo 38, a baya ake goya ta. Ta yau tana shiga tafin hannu. Ana manna wayoyi a ƙirji, ka koma gida da ita sa'a 24 zuwa 48, ka riƙa rubuta lokacin da ka ji wani abu.

Mutane na ɗauka tunda ya fi daɗewa a jiki, ya fi ECG na asibiti gani. Ya fi shi tsawon gani, amma yawanci mahanga biyu ko uku ne da shi, kuma layin ST a cikinsa yana motsi da kwanciya da tashi da juyi, ba a cika dogara da shi wajen gano kumburin jaka ba. Aikinsa na gaske kama bugun da ya saɓa tsari ne, mai zuwa ya wuce. Don haka yana da muhimmanci ga wanda aka riga aka gano yana da kumburin naman zuciya, ko mai jin faɗuwar gaba da tsallen bugu kusan kullum.

Kuɗinsa ya ninka na ECG sau da dama. Ba saya kake ba, aro ne, don haka ɗorewar na'urar ba damuwarka ba ce, sai dai waya na iya ɓallewa da gumi ta ɓata sa'o'i na ɗauka. Yawanci ba a wanka da shi, gam ɗin kuma yakan sa ƙaiƙayi. Babban haɗarinsa jinkiri: ba wanda ke kallon zanen yayin da yake jikinka, sai ka mayar an sauke an karanta. Mai sabon ciwon ƙirji da ya zaɓi Holter a matsayin gwajin farko ya sa kansa jiran kwanaki a kan tambayar da ke son amsa yau.

Faci mai mannewa

Ƙanin Holter ne mara wayoyi, ana liƙa shi a saman ƙirji ta hagu, wasu nau'o'in har kwana 14. Yawanci mahanga ɗaya ce. Ya fi sauƙin zama da shi, ana iya watsa ruwa, ya fi tsada, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma galibi sau ɗaya ake amfani da shi. Ya dace da wanda abin ke taso masa sau ɗaya a mako. A kan tambayar ko bairas ya taɓa jakar zuciya, ba shi da abin cewa.

Na'urar aljihu mai mahanga 6

Wadda aka fi sani ita ce KardiaMobile 6L ta kamfanin AliveCor, da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2019. Manyan yatsu biyu a sama, ƙasanta a kan gwiwa ko idon sawun hagu, daƙiƙa 30, zanen ya fito a wayarka. Tana ba da mahangan gaɓoɓi shida, ciki har da II da aVR, inda sauyin PR ke yawan fitowa. Saboda haka ba zan ce ba ta da amfani ba: likitan da ya iya karatu zai iya tsintar wani abu a ciki in zanen ya fita da kyau.

Amma mahangan ƙirji shida babu su, kuma a can ne ake ganin gaban zuciya da gefenta. Hukuncin da manhajar ke bayarwa da kanta a kan tsarin bugu yake, ko daidai ne, ko ya yi sauri, ko ya yi jinkiri, ko akwai karkarwar ɗakunan sama. Ba ta yanke hukunci a kan ST. Sau ɗaya ake saye, batirinta ɗan faifai ne da ke daɗewa kuma ana sauya shi, ba ta da abin da zai lalace da wuri, sai dai rayuwarta na rataye da waya da manhaja, wasu ƙarin hidimomin kuma na biyan wata-wata ne. Hannu mai rawa ko busasshiyar fata na ɓata zanen.

Agogon hannu

Tun 2018 da Apple Watch Series 4 ya fito da ECG, wasu kamfanoni suka bi sahu. Ka ɗora yatsa a maɓallin gefe daƙiƙa 30, ya ba ka mahanga ɗaya, mai kama da wadda ake kira I. Neman cutar da alamarta ita ce bazuwa a mahangai da yawa ta hanyar mahanga ɗaya tamkar leƙen ɗaki ne ta kafar makulli: abin da ka gani gaskiya ne, amma ba za ka rantse a kan abin da ke sauran kusurwoyin ba. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa agogon ba ya gano toshewar jijiyar zuciya, kuma manhajar ba don 'yan ƙasa da shekara 22 aka yi ta ba. Kumburin naman zuciya kuwa matasa maza ya fi kamawa.

Shi ne mafi sauƙi, kuma sau da yawa mafi tsada. Wasu na son caji kusan kullum, batirin na rauni bayan 'yan shekaru. Haɗarinsa shi ne mafi girma a jerin, domin kalmar da yake nunawa cewa bugu na tafiya daidai tana sa mai ciwo ya koma ya kwanta.

Duk da haka yana da wani amfani da ba a cika kula da shi ba, kuma ba a ECG ɗin yake ba. Agogon na riƙe lissafin bugunka na hutu na makonni. Zazzaɓi kan ƙara kusan bugu 10 a minti kan kowane digiri ɗaya na zafin jiki. In zazzaɓi ya sauka amma bugun hutu ya ƙi komawa inda yake da, ko yana wuce 100 kana kwance, wannan labari ne da ya kamata likita ya ji. In kana da agogon, yi amfani da shi ta nan. In ba ka da shi, wannan ciwon bai zama dalilin saye ba.

| Zaɓi | Mahanga | Tsawon ɗauka | Ganin sauyin ST da PR | Kama bugu mai zuwa ya wuce | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| ECG na asibiti | 12 | daƙiƙa 10 | sosai | da wuya | kaɗan | dogaro da gwaji ɗaya |
| Holter | 2 zuwa 3 galibi | sa'a 24 zuwa 48 | kaɗan | sosai | matsakaici | jinkirin amsa |
| Faci | 1 galibi | har kwana 14 | a'a | sosai | da yawa | jinkiri, ƙaiƙayin fata |
| Na'urar aljihu | 6 | daƙiƙa 30 | rabi-rabi | in ka auna a lokacin | matsakaici | rashin mahangan ƙirji |
| Agogo | 1 | daƙiƙa 30 | ba a dogara da shi | in ka auna a lokacin | da yawa | kwantar da hankali a kan ƙarya |

Abin da ECG kowane iri ba zai gaya maka ba

Kafin ka kashe kuɗi a kan na'ura ta biyu, ka sani akwai gwaje-gwaje biyu da suka fi ta amsa tambayarka. Na farko gwajin jini na tiroponin, sinadarin da ke fita daga naman zuciya in ya ji rauni. Shi ne ke raba kumburin da ya tsaya a jaka da wanda ya shiga nama, kuma yana iya hawa ko da takardar ECG ta fita tas. Yakan ɗauki 'yan sa'o'i kafin ya bayyana, shi ya sa ake ɗiban jini sau biyu. Akan haɗa shi da gwajin CRP mai auna zafin kumburi a jiki.

Na biyu hoton zuciya na sauti, eko. A al'ada ruwan da ke cikin jakar bai wuce mililita 15 zuwa 50 ba. In ya taru da yawa, ECG na iya ba da alama, zanen ya ƙanƙance ko tsayin QRS ya riƙa sauyawa bugu bayan bugu saboda zuciyar na lilo a cikin ruwan, amma eko ne ke nuna yawan ruwan da ko ya fara matse zuciya, da kuma ƙarfin bugawarta. Hoton ƙirji na eksire ba ya nuna girman zuciya ya ƙaru sai ruwan ya yi yawa sosai, amfaninsa a nan duba huhu ne. MRI na zuciya shi ne ya fi kowa tabbatar da kumburin nama ba tare da an yanki tsoka ba, bisa ma'aunan Lake Louise da aka sabunta a 2018, amma yana da tsada, ba ko'ina yake ba, ya fi gani a makonnin farko, kuma allurar da ake yi kafin ɗauka na buƙatar a duba lafiyar ƙoda.

Babu kuma zanen da ke rubuta sunan ƙwayar cuta. A ƙasashen da tarin fuka ya yawaita, shi ne kan gaba wajen kawo cutar jakar zuciya. Ciwon da ya shigo a hankali, da gumin dare da rama, bai kamata a jingina shi ga mura ba don kawai an yi mura kwanan baya.

Wa ya dace da me

In ciwon sabo ne, yau ko jiya ya fara: ECG mai mahanga 12 a yau, tare da tiroponin, kuma likita ya saurari ƙirjin. Kada ka tsaya neman Holter, kada ka tambayi agogo.

In an yi ECG an ce lafiya amma ciwon bai tafi ba: ka koma a sake, ka tafi da takardar farko ko hotonta, ka tambayi batun eko da gwajin jini in ba a yi ba. Zazzaɓin da ya wuce digiri 38, ko ciwon da ya ƙi jin magani bayan mako guda, dalilai ne na a duba ka a kwance a asibiti.

In an tabbatar kumburin jaka ne kaɗai, tiroponin bai hau ba: ba ka buƙatar sayen wata na'ura. Magani irin su asfirin ko ibufurofen tare da kolcisin na wata 3, a ƙarƙashin kulawar likita, da ECG na bibiya sun wadatar. Kolcisin ɗin ne ke rage dawowar cutar da kusan rabi, wadda in babu shi takan dawo wa kashi 15 zuwa 30 cikin 100, don haka kada a ajiye shi ranar da ciwo ya lafa.

In kumburin ya shiga nama: nan ne Holter ke da gurbi, faci kuma in alamun na jinkirin zuwa. Magungunan kashe zafi da suka dace da mai kumburin jaka ba lallai su dace da kai ba, musamman in ƙarfin zuciya ya ragu, kada ka saya da kanka.

In ka warke amma kana jin tsallen bugu jefi-jefi, kuma kana nesa da asibiti: na'urar aljihu mai mahanga 6 ta fi agogo, da sharaɗin akwai likitan da ya yarda ya riƙa duba abin da ka tura masa.

In ɗan wasa ne kai, ko aikinka na ƙarfi ne, kuma an ce naman zuciya ya taɓu: shawarar da aka saba bayarwa ita ce hutun wata 3 zuwa 6 daga motsa jiki mai tsanani, likita na iya ragewa ko ƙarawa gwargwadon abin da gwaji ya nuna. Kafin ka koma fili za a so ganin ECG mai mahanga 12, eko, tiroponin da ya sauka, Holter, da gwajin da ake auna zuciya kana tafiya a kan injin gudu.